Aji Guda, Yara 26: Makarantar da Ta Daina Koyar da Faransanci, Ta Koma Koyarwa da Shi

Kafin 1963: ana cin jarrabawa, baki bai buɗe ba

Garin da aka fara gwada koyar da yara masu Ingilishi komai da Faransanci, wato Saint-Lambert, ƙarami ne, yana tsallaken kogi daga birnin Montiriyal a lardin Kebek na ƙasar Kanada, gada ce kawai tsakaninsu. Kusan mutum takwas cikin goma na lardin da Faransanci suka tashi a gida. Amma a wancan zamani manyan kamfanoni da bankuna suna hannun tsirarun masu Ingilishi, har ana iya haifar mutum a Montiriyal, ya yi karatu, ya yi aiki, ya yi ritaya, bai taɓa buƙatar harshen maƙwabcinsa ba.

Makarantun gwamnati kuwa ɗarika ce ta raba su. Akwai hukumomin makarantun Katolika, inda akasarin masu Faransanci suke, akwai na Furotesta, inda akasarin masu Ingilishi suke. Yaron gidan Furotesta ba ya samun shiga makarantar Faransanci cikin sauƙi. Malamin da Faransanci ne harshen uwarsa kuma, tun da galibi ɗan Katolika ne, da wuya ya samu aiki a makarantar Furotesta. Saboda haka mai koyar da Faransanci a makarantar da muke magana a kanta yawanci mai Ingilishi ne wanda shi ma a aji ya koya. Wani ya iya sosai, wani kuwa lallaɓawa yake yi.

Darasin minti 20 zuwa 30 ne a rana. Idan aka haɗa da kwanakin karatu wajen 180, bai wuce awa 90 a shekara ba. Ana rubuta jerin kalmomi a allo a haddace, a haddace jadawalin sarrafa aikatau, sannan malami ya faɗi jimla ɗalibai su amsa a bayansa, ya sauya kalma ɗaya su sake amsawa. Ita ce hanyar da ake yayi a Amurka ta Arewa a lokacin, wadda ta ɗauki harshe a matsayin ɗabi'a da maimaici ke kafawa. Haka ake yi tun daga firamare har ƙarshen sakandare. Ɗalibi ya ci jarrabawa, ya karɓi takardarsa, ya shiga kanti a gabashin Montiriyal ya kasa riƙe hira da mai kantin. Iyayen yaran su ma ta wannan hanya suka biyo, don haka ba sai an gaya musu inda take kaiwa ba.

Ana cikin haka siyasa ta juya. A 1960 gwamnatin Jean Lesage ta hau mulkin lardin, masu Faransanci suka tashi neman matsayinsu a ofis da masana'anta. A 1963 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar binciken matsayin harsunan biyu a ƙasar. Duk mai lura ya ga cewa yaron da zai nemi aiki a Kebek nan da shekara ashirin ba zai tsira da Ingilishi kaɗai ba.

1963 zuwa 1965: iyaye sun shiga maganar

A watan Oktoban 1963 iyaye 12 suka zauna a kan matsalar, uwaye uku daga ciki su ne suka fi tsayawa a kanta har ƙarshe. Ba su nemi a ƙara minti goma a kan darasin da ake yi ba. Abin da suka nema shi ne aji wanda komai da Faransanci za a yi shi tun daga ranar farko, wasa da waƙa da ƙirga da karatu, a hannun malamar da harshenta ne.

Hukumar makarantun yankin ta ƙi. Ana tsoron Ingilishin yaran zai lalace, ana tsoron za su ja baya a lissafi tun da ba za su ji bayanin ba, kuma ra'ayin da ya daɗe a littattafan ilimi shi ne harshe biyu a kan ƙaramin yaro yana dagula masa tunani. Iyayen suka koma suka shirya nasu azuzuwan da kuɗin aljihunsu, a wajen lokacin makaranta da kuma lokacin hutu, ana wasa da yaran da Faransanci zalla. Wannan ya nuna musu cewa ƙaramin yaro ba ya firgita don babba ya yi masa magana da harshen da bai sani ba. Amma awa ɗaya yau, biyu jibi, ba ta kai inda suke so ba.

Sai suka nemi masana biyu a Montiriyal. Na farko Wilder Penfield, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, wanda ya daɗe yana cewa ƙwaƙwalwar yaro ta fi karɓar sabon harshe kafin ya kai wajen shekara goma. Na biyu Wallace Lambert na Jami'ar McGill, masanin halayyar ɗan Adam. A 1962 shi da Elizabeth Peal sun gwada yara 'yan shekara goma a makarantun Montiriyal, suka tarar masu harshe biyu sun fi masu harshe ɗaya maki a gwajin basira, saɓanin abin da aka saba faɗa. Da goyon bayan mutanen nan biyu, da taruka, da rubuce-rubuce a jarida, hukumar ta sassauto bayan shekara biyu ana ja. Ta yarda da rabin aji guda ɗaya, wato ajin share fagen shiga firamare, a matsayin gwaji. Ranar da aka buɗe rajista, cikin minti biyar guraben 26 suka cika.

Satumba 1965: yadda aka tsara ajin

Yaran 'yan shekara biyar ne, duk daga gidajen masu Ingilishi. Suna zuwa rabin yini. Malamar ba ta yi musu kalma ɗaya ta Ingilishi, har yaran suka ɗauka ba ta iya ba, alhali tana jin duk abin da suke faɗa. Idan za ta ce a rataye riga, sai ta ɗauki rigar, ta nuna ƙugiyar, ta faɗi jimlar, ta rataye, gobe ta sake faɗin jimlar a daidai wannan wuri da wannan lokaci. Fuska da hannu da hoto da kayan wasa su ne tafintanta. Ba ta fassarawa, domin yaron da ya san fassara tana tafe ba zai wahalar da kunnensa a kan zance na farko ba.

Su kuma yaran an bar su da harshensu. Yaro ya tambaya da Ingilishi, malama ta amsa da Faransanci, ta maimaita tambayarsa da Faransanci a cikin amsar, a wuce. Ba a tsawata wa kowa don ya yi harshen gidansu, ba a tilasta wa kowa buɗe baki kafin ya shirya. Haka aka yi shekarar rabin aji gaba ɗaya. Sai a cikin aji ɗaya aka fara neman su riƙa magana da Faransanci a cikin aji, lokacin kunnensu ya riga ya sha harshen fiye da shekara.

A aji ɗaya ma komai da Faransanci ne, har da koyon karatu da rubutu. Wannan shi ne abin da ya fi tayar wa mutane da hankali: yaro mai Ingilishi ya fara haɗa baƙi da harshen da ba nasa ba, da littattafan da aka rubuta don yaran Faransa da na Kebek. A aji biyu aka shigo da darasin Ingilishi, wajen awa ɗaya a rana, kuma wata malama daban ce take yin sa, don kowane harshe ya zama da fuskarsa. Daga nan ana ƙara rabon Ingilishi sannu a hankali, zuwa ƙarshen firamare ya kai kusan rabin yini.

Manhajar ba ta sauya ba. Lissafin da ake yi a ajin Ingilishi na maƙwabta shi ake yi a nan. Harshen ya zama hanyar da ake bi a kai ga lissafin, yaro yana son ya gane yadda ake raba lemu shida ga mutum uku, Faransancin yana shigarsa yana can yana ƙirga.

1967 zuwa 1972: abin da awo ya nuna

Lambert da abokin aikinsa Richard Tucker suka ɗauki nauyin aunawa. Suka ajiye rukuni biyu na kwatanci: yara masu Ingilishi da ke karatu da Ingilishi yadda aka saba, da yara masu Faransanci da ke karatu da Faransanci. An daidaita rukunonin ta fuskar basira da halin gida, don kada a ce 'ya'yan masu hali aka gwada da 'ya'yan talakawa. A 1966 aka buɗe wani rabin ajin na biyu, aka riƙa bin sawun duka biyun, don a ga ko abin da ya faru da na farko sa'a ce kawai. Ana gwada su a ƙarshen kowace shekara, daga 1967.

A ƙarshen aji ɗaya yaran suna bayan takwarorinsu a karatun Ingilishi, abin da ba mamaki tun da ba a koya musu ba. Amma da dama daga cikinsu sun riga sun fara karanta Ingilishin da kansu, sun ɗauko dabarar haɗa baƙi daga Faransanci sun ɗora a kan harshen da suke ji a gida. Bayan an shigo da darasin Ingilishi giɓin ya rufe da sauri. Ƙa'idar rubuta kalmomi ce ta ɗan jima tana ba su wahala, ita ma zuwa aji huɗu ta daidaita. A lissafi ba su ja baya ba, ko da Ingilishi aka yi musu gwajin ko da Faransanci. A gwajin basira ma babu alamar dagulewar da ake tsoro.

A Faransanci kuwa, tsakaninsu da masu darasin rabin awa babu haɗi. A saurare da karatu sun matso kusa da yaran da harshensu ne. A magana da rubutu suna isar da saƙo ba tare da tsoro ba, amma ba su kai 'yan asali ba. Da aka tambayi yaran ra'ayinsu, 'yan ajin gwajin suka ce suna son ci gaba a haka, yayin da da yawa cikin masu rabin awa a rana suka ce Faransancin ya yi musu yawa.

Rahoton ya fito a 1972, amma labarin ya riga shi yaɗuwa. A 1969 Kanada ta yi dokar da ta mai da Ingilishi da Faransanci harsunan hukuma, daga 1970 gwamnatin tarayya ta fara ba larduna kuɗi don koyar da su. Aka buɗe irin wannan aji a Otawa da Toronto da sauran wurare, a 1971 wani gari a jihar Kalifoniya ta Amurka ya kwaikwaya da Sifaniyanci. Tsarin tsunduma yara cikin harshe ya zama abin yayi.

1975 zuwa 1990: kunne ya yi nisa, baki ya tsaya a hanya

Zaton da aka yi shi ne ragowar kurakuran magana za su zube da kansu idan shekaru suka tafi. Ba su zube ba. Wani bincike da aka buga a 1976 ya saurari yaran rukunin farko da na biyu na wannan makaranta sa'ad da suke aji shida da aji biyar, ya kwatanta da yara masu Faransanci. Kurakuran suna nan da yawa, kuma iri ɗaya ne ke ta dawowa. Binciken da aka yi a azuzuwan lardin Ontariyo da suka bi tsarin shi ma abin da ya gano ke nan.

Na farko jinsi. A Faransanci kowane suna namiji ne ko mace, kamar yadda yake a Hausa, Ingilishi kuwa ba shi da wannan. Yaran suka riƙa jingina yawancin sunaye ga namiji. Na biyu shuɗaɗɗen lokaci. Faransanci ya bambanta aikin da ya faru ya ƙare da wanda yake cikin faruwa ko aka saba yi a da, kamar bambancin "ya ci" da "yana ci a lokacin", yaran kuwa suna cakuɗa su. Na uku girmamawa. Faransanci yana da *tu* na aboki da yaro, da *vous* na babba da baƙo, kamar yadda muke ce wa dattijo "ku". Yaran kowa *tu* suke ce masa, har shugaban makaranta. Sannan ga ginin Ingilishi sanye da kalmomin Faransanci: maimakon *j'ai dix ans*, wato ina da shekara goma, sai yaro ya ce *je suis dix ans*, yadda Ingilishi ke gina ta. Duk 'yan ajin sun gane shi, domin su ma da Ingilishi suke tunani, malama ma ta gane.

Wanda ya zauna a Sabon Garin Kano ya san irin wannan. Ɗan kasuwa ya shekara talatin yana ciniki da Hausa, yana jin komai har habaici, amma har gobe "matata ya zo" yake cewa. Babu mai gyara masa, domin an gane, kuma ciniki ya faɗa.

A 1985 Merrill Swain ta cibiyar nazarin ilimi ta Toronto ta duba 'yan aji shida da suka shekara bakwai cikin tsarin, ta ce jin harshe kaɗai bai isa ba. Mai saurare yana iya kama ma'ana daga manyan kalmomi da yanayin zance ba tare da ya kula da ƙananan alamomin nahawu ba. Sai ya zo faɗa da bakinsa, kuma aka matsa masa ya faɗa daidai, sannan yake gane abin da bai sani ba.

Ita da abokan aikinta suka shiga azuzuwa 19 na aji uku da aji shida a Ontariyo suka naɗi abin da ake yi yini guda. Cikin maganganun ɗalibai a lokacin da malami ke jan darasi, wajen kashi 14 cikin ɗari ne kawai suka wuce gajeriyar jimla ɗaya, sauran kalma ɗaya ce ko biyu. Kashi 19 cikin ɗari na kurakuran nahawu ne aka gyara. Fiye da kashi uku cikin huɗu na aikatau da malamai suka furta na lokacin yanzu ne ko na umarni, na shuɗaɗɗen lokaci wajen kashi 15 ne. Har darasin tarihi an ji malami yana ba da shi da lokacin yanzu da mai zuwa, don ya yi armashi. *Vous* na girmamawa kuwa, a matsakaici ko sau ɗaya a yini ba ya fitowa daga bakin malami, domin da wa zai yi shi a ɗakin da ke cike da yara? Ashe abin da yaran suka kasa faɗa, yawancinsa ba sa ma jin sa. Wasu masana suka ce tsarin ya gaza, a koma koyar da nahawu daki-daki tun daga tushe.

1989 zuwa 1994: gyaran farko, wani ya kama, wani ya sulluɓe

Ba a koma ba. Aka gwada shigo da nahawun cikin aikin aji. Gwajin da aka buga a 1989 ya ɗauki 'yan aji shida tsawon mako takwas a kan nau'o'in shuɗaɗɗen lokaci guda biyu. An yi wasanni, an karanta labarai, kowane yaro ya haɗa kundin ƙuruciyarsa da hotuna yana bayyana abin da ya saba yi a da. Da aka gama sun fi azuzuwan kwatanci. Bayan wata uku aka sake gwadawa, bambancin ya ɓace.

A 1991 a yankin birnin Bankuba aka sa 'yan aji bakwai su tsara wani gari na ƙage a sararin samaniya, don su yi ta amfani da siffar "da za a yi kaza, da kaza zai faru". Rubutunsu ya gyaru kuma gyaran ya zauna, maganarsu kuwa ba ta motsa sosai ba. Idan hira ta yi daɗi yaro yana da hanyar kewaye siffar da ke ba shi wahala, ya isar da saƙonsa da wadda ya saba.

Gwajin Roy Lyster na 1994 ya bi wata hanya. 'Yan aji takwas ne, awa 12 cikin mako biyar, a kan *tu* da *vous*. An fara da nuna musu bambancin ƙarara, suka kwatanta wasiƙar da ake rubuta wa aboki da wadda ake rubuta wa hukuma. Sannan aka yi wasan kwaikwayo wanda babu hanyar kaucewa a cikinsa: ka tsayar da baƙo dattijo a titi ka tambaye shi hanya, abokan ajinka suna saurare, in ka zame su tsayar da kai ka sake. Bayan wata guda aka gwada, abin yana nan a bakinsu da alƙalaminsu.

1997 zuwa 2004: wa ke gyara kuskuren?

Daga nan hankali ya koma kan daƙiƙar da yaro ya yi kuskure. A 1997 Lyster da Leila Ranta suka fitar da abin da suka naɗa a azuzuwa huɗu na yankin Montiriyal, sama da awa 18. Fiye da rabin gyaran da malamai ke yi, kashi 55 cikin ɗari, iri ɗaya ne: yaro ya ce *le maison*, ya mai da kalmar gida namiji, malama ta ce *la maison*, ta mace, wadda ita ce daidai, ta ci gaba da darasi. Gyara ne mai ladabi, ba ya katse zance, ba ya kunyata kowa. Amma kusan kashi 70 cikin ɗari na irin wannan gyara yana wucewa ba tare da yaron ya ce komai ba. Dalili kuwa malaman nan suna maimaita maganar yaro ko da daidai ya faɗa, don nuna sun ji. Yaro ba shi da yadda zai bambance "na ji ka" da "ka yi kuskure".

Sauran hanyoyin, waɗanda ba a cika amfani da su ba, su ne suke sa yaro ya motsa. Malama ta fara jimlar ta tsaya a daidai wurin kuskuren tana jira. Ko ta ce ba ta gane ba, a sake. Ko ta tambaya: wannan kalma namiji ce ko mace? A nan amsar ba ta fito daga bakin malama ba, dole yaron ya laluba cikin abin da ya sani ya ciro ta.

A 2004 aka haɗa abubuwan biyu a gwaji ɗaya kan matsalar jinsi, da 'yan aji biyar su 179 a azuzuwa takwas, wajen awa tara cikin mako biyar. An saba gaya wa masu koyo cewa jinsin sunan Faransanci ba shi da ƙa'ida, sai hadda. Alhali ƙarshen kalma yana nuna jinsinta a yawancin sunaye: masu ƙarewa da *-tion* mata ne, masu ƙarewa da *-ment* ko *-eau* galibi maza ne. Tucker da Lambert sun nuna tun 1977 cewa 'yan asalin harshen da wannan alama suke aiki ba tare da sun sani ba. Sai aka ɗauki littafin da yaran ke karantawa na tarihi da kimiyya, aka yi wa ƙarshen sunaye kauri a rubutu, aka sa yaran su jera su su gano ƙa'idar da kansu, sannan suka yi ta amfani da su a kacici-kacici da wasanni da aikin darasin. Duk azuzuwan da aka yi wa haka sun fi waɗanda ba a yi wa ba, har bayan wata biyu. A gwajin rubutu, waɗanda malama ke mayar musu da kuskure su gyara da kansu su ne a gaba.

Bayan 1998: ajin da kansa ya sauya

Kafin wannan lokaci yankin da aka fara gwajin ya zama wani wuri daban. Dokar harshe ta Kebek ta 1977 ta mai da Faransanci harshen aiki da kasuwa, ta kuma taƙaita waɗanda ke da izinin shiga makarantun Ingilishi. A 1998 aka rushe hukumomin makarantu na ɗarika, aka kafa na harshe. Auratayya ta yi yawa, har ya zama a aji guda akwai yaron da Ingilishi ne harshen gidansu, da wanda Faransanci ne, da mai duka biyun.

Tsohuwar ƙa'idar raba harsunan biyu, kowanne da malamarsa da ɗakinsa, ta fara zama cikas. A wani aiki da aka buga a 2009, malamar Faransanci da ta Ingilishi suka riƙa karanta wa ƙananan yara littattafan labari iri ɗaya, babi ɗaya da wannan harshe, na gaba da wancan, tsawon wata huɗu. Yaran sun so abin ƙwarai, amma malaman ba su cika zama tare su tsara ba, kowacce ta yi nata. A zagaye na gaba aka ware musu lokacin zama tare, suka tsara darussa kan ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya na kalmomi a harsunan biyu. 'Yan aji biyun da aka yi wa haka suka fi takwarorinsu gane ginin kalmar Faransanci. Zuwa ƙarshen shekarun 2010 ɗaliban da ke irin wannan tsari a Kanada sun haura 400,000.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

A ganina abin da ya ɗaga ajin 1965 sama da darasin rabin awa abu biyu ne: yawan lokaci, da kuma dalilin saurare. Yaron da ke son sanin ƙarshen labari ko amsar lissafi yana kasa kunne ta yadda mai maimaita jimlar allo ba zai taɓa yi ba. Hujjar Penfield ta ƙuruciyar ƙwaƙwalwa ita ta buɗe ƙofar hukuma, amma ba ita ce ginshiƙin ba. Da aka buɗe irin wannan tsari ga waɗanda suka fara a aji bakwai a Montiriyal, suka yi shekara biyu a ciki, sun matso kusa da masu farawa tun rabin aji a gwaje-gwaje da dama, domin sun zo da karatu da dabarun koyo a hannu.

Kuskuren tsarin shi ne zaton nahawu zai kula da kansa. Malamin da ya sa ido kan ma'ana kaɗai yana karɓar duk abin da ya gane, yaro kuma ba ya gyara abin da aka karɓa. Gwaje-gwajen da suka kama suna da kama da juna: an zaɓi matsala ɗaya takamaimai, an sa yaro ya lura da ita a cikin karatun da yake yi dama, an ba shi aikin da ba zai yiwu ba sai da ita, an bar masa gyaran. Waɗanda suka sulluɓe kuwa, ko an bar wa yaro hanyar kewayewa, ko an yi mako takwas an tattara an ajiye.

Akwai sharaɗin da masu kwaikwayo ke yawan mantawa. Yaran nan Ingilishinsu ba ya cikin haɗari. Shi ake yi a gida da talabijin da titi, akwai littattafansa a ɗaki, makaranta ma ta koyar da shi daga aji biyu. Malamarsu tana jin harshensu, dukansu a mataki ɗaya suka fara, kuma iyayensu ne suka nema. Lambert da kansa ya bambanta harshe na biyu da ke ƙaruwa a kan na farko da wanda ke zuwa ya ture shi. Makarantar kuɗi a Kaduna ko Maraɗi da ke cin tarar yaro don ya yi Hausa a aji, ba ta kuma koya masa karatu da ita ko na awa ɗaya, ba wannan tsari take bi ba, ko da ta ce shi take bi. Gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, Ingilishi yana darasi a hannun ƙwararren malami, ya fi kusa da halin da yaranmu ke ciki, kuma yaran ba su yi asarar Ingilishin ba.

Abu ɗaya ne har yanzu aji bai magance ba. Binciken da ya bi ɗaliban Montiriyal zuwa waje ya tarar idan aka yi musu Faransanci suna amsawa ba tare da fargaba ba, amma da wuya su fara da kansu, kuma ba su fi sauran masu Ingilishi neman jarida ko tashar Faransanci ba. Da yawa kuma suna barin tsarin idan sun shiga sakandare, lokacin da makin shiga jami'a ya fara damunsu, su koma ɗaukar kimiyya da lissafi da Ingilishi.